Akwati ɗaya, wasa da yawa: yadda ake ɗora dara, lido da dam a kan kaya guda

Tambaya: Mushe, ina wuninku. Ni ke kula da yara ran Laraba da yamma da ran Asabar a wani ɗan ɗakin karatu a unguwar Talaje, nan Yamai. Muna da lido biyu, dam ɗaya da awale ɗaya, amma duk sun gurgunce: wannan ƴaƴansa uku sun ɓace, wancan kwalinsa ya yage. An ce mini kuna da akwati guda da kuke buga wasanni da yawa da shi. Yaya ake mayar da wasan da kowa ya sani ya hau irin wannan kaya, ba tare da ya tashi daga wasan da aka sani ɗin ba?

Amsa: Lafiya lau, ƙanena, sannu da fama da yaran nan. Wanda ya ba ka labarin akwatin bai yi ƙarya ba, sai dai ka riga ka san irinsa tun kana ƙarami. Dubi karta. Ganye 52 ne, iri huɗu, kowane iri 13. In ƴan fada za su buga belot sai su zare daga 2 zuwa 6, su bar ganye 32. In yara suka samu, su yi nasu wasan da ita. Ba wanda ya taɓa zuwa kanti ya ce a ba shi kartar wasa kaza. Karta ɗaya ce, dokoki ne ke sauyawa.

Wani Ba'amurke mai suna James Kyle ya yi tunanin a samu abin da zai zame wa wasannin fili kamar yadda karta ta zame wa wasannin hannu. A farkon shekarun 2000 ya fitar da shi da sunan piecepack, ya kuma sake shi kyauta, kowa na da damar ya sassaƙa nasa, har ya sayar. Abin da ke ciki kaɗan ne: ƙananan alluna 24 masu kusurwa huɗu, ƴaƴa 24 masu kama da kwabo, dayis huɗu, da wasu tsayayyun ƴaƴa huɗu da mu muke ce wa dogarai. An raba komai iri huɗu, a nasa rana, wata, kambin sarauta da tambarin garkuwa. Kowane iri yana da daraja shida: wofi, ɗaya, 2, 3, 4, 5. Kowane ɗa yana da irinsa a fuska ɗaya, lambarsa a ɗaya fuskar. Abin da ya fi mana amfani shi ne bayan allon, domin an tsaga shi gida huɗu, biyu sau biyu. In ka kife alluna ka jera su, fili ya samu. Nawa akwatin haka yake, illa dai na sa tauraro da takobi a madadin kambi da garkuwa, don su yara suka fi saurin ganewa.

To, kafin ka taɓa allo ko ɗaya, ɗauki kaye da bik ka yi ƙirga. Duk wasan da na taɓa ɓatawa, rashin ƙirga ne ya sa. Ka ƙirga gidajen filin, ka ƙirga ƴaƴan, sannan ka ƙirga abin da mutane ke mantawa da shi, wato gidajen da ke zama wofi.

Da dara na koyi wannan, kuma da kunya na koya. Darar da muka sani gurbi 30 ce, biyar sau shida, kowa da ƴaƴa 12. Zabarmawa dili suke ce mata. Da na ga akwatin yana da ƴaƴa 24 cif, sai na ce ai an gama. Na kife alluna tara, uku sau uku, fili ya fito shida sau shida, gida 36. Na ce a raina layi ɗaya ne ya ƙaru, me zai hana. Muka yi wajen sati biyu muna bugawa haka da yara, suna ta murna. Ran nan wani dattijo Ba'adare, mutumin Tawa da ke gadi a kusa da mu, ya tsaya a kanmu yana kallo. Na matsa masa ya zauna. Ya buga sau biyu, ya cinye ni duka biyun, sannan ya ture allon da bayan hannu ya ce, "Malam, wannan me sunansa?" Na ce dara. Ya ce, "A'a. Dara ba ta da wannan sarari." Ya sa yatsa yana taɓa gidajen da ba kowa, ɗaya bayan ɗaya, har 12.

Gaskiyarsa. A dara, in an gama zuba, ƴaƴa 24 sun cika gurbi 24, saura shida kacal. Wannan ƙuncin shi ne wasan. Shi ya sa gwani ke daɗewa wajen zuba, yana toshe maka hanya tun ba a fara tafiya ba, yana tanadin wurin da zai kafa abin da muke ce wa doki a fadarmu, inda ɗa guda ke kai da komowa, duk motsi ya cika uku ya ci. Da na ƙara layi ɗaya, sararin ya tashi daga shida ya koma 12, ninki biyu ke nan. Toshewa ta rasa amfani, kowa na yawo yadda ya so. Ƴaƴan ba su canja ba, dokokin ba su canja ba, amma wasan ya zama wani abu dabam. Dara ta ci gida, ni da na zo koya wa yara.

Maganin bai da wuya. Ka jera alluna taran, ka sa wani siririn katako ka rufe layin ƙarshe, ka koma biyar sau shida. Ni na sa an yanko mini shi daidai tsawon alluna uku, yana zaune a cikin akwatin. Wani abokin aikina ya ce a mai da kowane allo gida guda mana. Ba ya yiwuwa, 30 ake so, 24 muke da su.

Akwai abu na biyu da dattijon ya gyara mini. Da farko na raba ƴaƴan da iri: ni rana da wata, shi tauraro da takobi. A takarda daidai ne, 12 da 12. A ido kuwa wahala ce, domin mutum na neman uku a jere sai ya ga rana, wata, rana, ya tsaya yana tambayar kansa ko duka nasa ne. Masu dara a ƙasa sun daɗe da warware wannan: ɗaya da tsinken kara, ɗaya da tsakuwa, ko daga nesa ba ka haɗa su. Sai muka yi haka: ɗaya ya buga da fuskar iri a sama, ɗaya da fuskar lamba. Da yake murafen kwalba ne ƴaƴan nawa, abin ya ƙara fitowa, na wannan a kife, na wancan a buɗe kamar ƴan ƙore.

Tun da ka shimfiɗa filin biyar sau shida, ka samu wasa na biyu a kyauta. Yote, wanda ake bugawa a Senegal da Mali, fili ɗaya ne da dara, ƴaƴa 12 kowa. Bambancin, a yote tsallake ɗan abokin wasa ake yi a ci, kuma duk wanda ya ci ɗaya yana ƙara ɗauke wani guda da ya ga dama. Yara masu gajen haƙuri sun fi son shi, don nan da nan ake gamawa.

Bari in faɗa maka abin da zai rage wa akwatina daraja. Kwalin ƙwai, mai cin 30 ɗin nan da ke jibge a wajen mai shayi, biyar sau shida ne. Wata yarinya ƴar aji huɗu ce ta nuna mini. In dara kawai kake so, ka roƙi kwali biyu ka huta.

Lido ne ya fi ba ni mamaki. Asalinsa wasan pachisi ne na Indiya, aka yi masa rajista a Ingila da sunan Ludo a 1896. Filinsa gicciye ne, kowane hannu faɗinsa gida uku, allunanmu kuwa biyu-biyu suke, don haka gicciyen ba ya fitowa ko ka kwana kana juya su. Na daɗe ina ganin lido ya fi ƙarfin akwatin. Sai ran da na daina kallon siffar filin na tambayi kaina: shin ɗan lido me yake yi? Zagaye yake yi a hanya mai gida 52, mutum huɗu suna fitowa daga ƙofofi huɗu, tsakanin kowace ƙofa da ta gaba gida 13, a ƙarshe kowa ya karya ya shiga lungunsa mai gida biyar, taki na shida ya isa gida. Gicciyen ado ne kawai da hanyar naɗe doguwar hanya a cikin ƙaramin kwali.

Yanzu ɗauki allunan 24 duka, ka kife su, ka yi katanga da su: bakwai a kowane gefe, tsakiya wofi. Za su ƙare cif, ba saura ba gibi. Kowane gefe ya zama gida 14. Ka bi layin waje da yatsa kana ƙirgawa, za ka samu 52. Daga kusurwa zuwa kusurwa taki 13 ne. Ranar da na gano haka sai da na ƙirga sau uku, na kira matata ta ƙirga, don ban yarda da kaina ba. Kowane ɗan wasa ya ɗauki kusurwa ɗaya ta zama ƙofarsa, ya tsayar da dogarinsa a wajenta don a san ta wane ce, ya ɗebi ƴaƴa huɗu daga cikin shidan irinsa. Layin ciki, mai gida 44, shi ne wurin lungu. In ɗanka ya zagayo har ya rage taki biyu ya koma kusurwarsa, sai ya karya ya shiga layin ciki, ya yi baya gida biyar, na shida ya faɗa tsakar fili. Taki 56 daga ƙofa zuwa gida, daidai da na kwali. Kowa lungunsa a gefensa yake, ba mai shiga na wani. Tsakiyar nan da ta zama wofi kuma nan ake jefa dayis, ya daina gangarawa ƙarƙashin benci.

Dayis ɗin akwatin na asali ba shi da shida, wofi ne zuwa biyar. A lido sai a ce wofi shi ne shida, rabon fitowarsa ɗaya ne cikin shida kamar kullum. Amma kada ka bari wani ya ce a ɗauke shi sifiri. Dayis na 1 zuwa 6 matsakaicin takinsa uku da rabi ne, na 0 zuwa 5 biyu da rabi, wasan da ke cin rabin awa sai ya ja har a kira magariba ba a gama ba. Ni daga baya ma dayis na kanti na zuba a ciki, in wani wasa na son wofi mu ce shida ce wofin.

Dam kuwa, nan akwatin ya gaza, kuma da ɗan kaɗan ya gaza, abin haushi. Dam ɗin da ake bugawa a nan, irin na Faransa, goma sau goma ne, kowa da ƴaƴa 20. Filin na son alluna 25, muna da 24. Ƴaƴa 40 ake so, muna da 24. Abu biyu za ka iya yi. Ko dai ka haɗa akwati biyu, wanda da yawan yaranka dole ma ka yi fiye da ɗaya, ko kuma ka sauka zuwa takwas sau takwas da alluna 16, kowa da ƴaƴa 12, ka riƙe dokokin da aka saba: ɗa yana ci ta baya, ɗan da ya kai ƙarshen fili ya zama dam yana tafiya mai nisa, ci dole ne kuma inda ya fi yawa ake bi. Wannan ba ƙirƙirarka ba ce, haka mutanen Barazil ke buga nasu. Sai dai ka gaya wa yara gaskiya cewa ƙaramin ne, domin wanda ya saba da shi in ya zauna gaban tsofaffin ƴan dam na bakin kasuwa zai ga dabarun da bai taɓa gani ba. Wani abu kuma, bayan allon na asali ba shi da baƙi da fari, dam kuwa a karkace take tafiya. Na sa an shafa baƙin fenti a gida biyu masu kallon juna ta kusurwa a bayan kowane allo. In ka jera su fuska ɗaya, filin dam ya fito da kansa, kuma bai dami dara ko lido ba.

Darar Turawa, wadda ƴan lakwal ke ce wa eshek, tana shiga a lissafi: alluna 16, sannan ƴaƴa 24 da dayis huɗu da dogarai huɗu sun ba da 32 daidai. Na gwada. Yaro na ta tambaya lamba nawa ce doki, lamba nawa ce sarauniya, har ya manta da abin da yake shiryawa. Na bar shi.

Awale gida 12 ne da ƴaƴa 48, huɗu a kowane gida. Alluna 12 za su tsaya a matsayin gidaje, amma ƴaƴanmu rabin abin da ake so ne. Na ga masu cewa a fara da biyu-biyu. Kada ka yi. A awale ana ci ne in ɗan ƙarshe ya mai da gidan abokin wasa biyu ko uku, to in ka fara da biyu-biyu ka birkita lissafin tun daga tushe. Wasu kuma su ce a ɗora lamba a kowane gida ana sauya ta. Wannan ya fi muni, don daɗin awale a hannu yake, ka kwashe ka bi kana zubawa ɗaya-ɗaya, abokin wasa na bin hannunka da ido yana ƙirgawa a zuci. Ka sa yara su tara ƙwallon dabino ko ƴaƴan tsamiya 48 a ƴar jaka. Su ma ɗin a kan shimfiɗaɗɗen allo gangarewa suke yi, shi ya sa in akwai rairayi a tsakar gida na fi son a tona gurabu. Tunda kana da allon awale, ƴaƴa kawai za ka cika masa.

Scrabble da Monopoly kada ka wahalar da kanka. Na farko gida 225 ne, na Faransanci haruffa 102, na biyu kuma rabinsa takardun kuɗi ne da katuna. In abin da za ka ƙara daga waje ya fi abin da ke cikin akwatin yawa, ba ɗorawa kake yi ba, sabon kaya kake haɗawa. Irin waɗannan kuma suna da masu su. A dokokin ƙasashe da yawa, yadda ake buga wasa ba mallakar kowa ba ne, amma suna da zane da rubutun dokokin suna da kariya, kuma Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke rajistar alamun kasuwanci. Bugawa da yara a ɗakin karatu ba komai. In wata rana ka fara sassaƙawa kana sayarwa, ka rubuta dokokin da bakinka, kada ka liƙa sunan kamfanin wani.

Ka shirya wa maganar iyaye. Akwai gidajen da ba sa son ganin dayis ko karta a hannun ɗansu, saboda caca da kuma abin da malamai suka faɗa a kai. Hukuncin na malamai ne, ni dai ba na jayayya da uba a kan ɗansa. Abin da nake yi, ko dala ba a sa wa a wasa, in an kira salla a rufe akwati, yaron da aka hana dayis kuma ga dara, ga yote, ga dam, ga awale, ba ɗaya da ke buƙatarsa.

Wajen haɗawa, fara auna murfin kwalba kafin ka yanka allo. Faɗinsa wajen santimita uku ne, don haka gida ya zama uku da rabi, allo ya zama bakwai sau bakwai. Da wannan awo filin dara santimita 21 ne, na dam 28, katangar lido 49, ka tabbata teburinka zai ɗauka. Na farko da kwali na yi, fanka ta watsa mana wasa ana tsaka da shi, damina kuma ta lanƙwasa sauran. Je kasuwar Katako ka nemi ragowar siririn katako wajen kafintoci, a yanka maka su daidai wa daida, don in ɗaya ya fi wani da ko kaɗan layukan ba za su haɗu ba. A goge bakin da sanfefa saboda hannun yara. A kan tabarma alluna zamewa suke yi, ka shimfiɗa tsohon zane ko bargo tukuna. Alamar iri kuma ka bambanta ta da siffa, kada ka dogara da launi kaɗai. Da yamma in haske ya ragu, ja da kore kusan ɗaya suke zama, kuma akwai yaran da ko da rana ba sa rabe su.

Kowane wasa ka yi masa kati guda: zanen yadda ake jera alluna a gaba, dokoki a baya, da Hausa da Zabarmanci in akwai mai rubuta maka. Dara musamman, dokarta na bambanta daga gari zuwa gari, wasu ba su yarda a ci ɗan da ke cikin jerin uku ba, wasu sun yarda. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta, in ba haka ba kullum sai ka yi alƙalanci. Kuma kafin ka kai wa yara, ka samu wanda ya girma da wasan ya buga sau biyu ko uku kana gefe ba ka ce komai ba. Inda ya tsaya ya yamutsa fuska, nan gyara yake.

Zancen ɓacewar ƴaƴa da ka fara da shi, ba zai daina ba, yara ne. Sai dai yanzu in ɗa mai alamar wata da lamba 3 ya ɓace, murfi ɗaya za ka tsinta ka zana. A cikin murfin akwatin na zana gidaje 24, layi huɗu na shida-shida, duk wanda ya buga sai ya mayar da kowane ɗa gidansa kafin ya tafi, gibin na fitowa nan take tun mai shi bai kai bakin ƙofa ba. In ka samu sarari ran Asabar bayan la'asar ka biyo ka ɗauki nawa ka kai wa kafinta ya auna, ka zo da kwalin ƙwai guda mu gwada ka a dara tukuna.